Yadda Ake Zaɓar wa Jariri Suna: Na Yanka, Na Gida da Na Takarda

Ɗan Bahaushe ba ya tashi da suna ɗaya. Akwai sunan yanka, wanda liman ya faɗa a gaban jama'a ranar da aka yanka rago. Akwai wanda ake kiransa da shi a tsakar gida, alkunya ce ko laƙabi. Yanzu kuma ga na uku ya shigo, wato sunan da aka rubuta a takardar haihuwa, wanda zai bi shi makaranta da banki da ofishin fasfo. Yawancin iyaye a kan na farkon kaɗai suke zama su yi shawara. Na biyun sai a bar wa 'yan barka su laƙaba abin da ya zo bakinsu, na ukun kuma a bar wa malamin aji ɗaya ya rubuta yadda kunnensa ya jiyo. Shekara ashirin bayan nan sai ka ga saurayi yana zarya a kotu da takardu uku, kowacce da irin sunan da ke kanta. Kwana bakwai ne a hannunku, kuma ya ishe ku ku daidaita sunayen nan uku tun kafin a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Huɗuba da ƙirga kwana

Da an wanke jariri an naɗe shi, uba ko kaka ko wani malami na kusa zai karɓe shi ya yi masa kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu. Wannan ita ce huɗuba, kuma a gidaje da yawa a nan ake raɗa masa sunan a kunne, sai a ɓoye shi har ranar suna. Wasu kuma sukan tauna ɗan dabino su shafa masa a dasashi. In za a yi hakan, a wanke hannu, kuma ɗan ɗigo ne kawai, ba a ɗura wa jariri ruwa ko zuma. Nonon farko na uwarsa shi ne abincinsa.

Babu laifi a sa suna tun ranar haihuwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. Saboda haka in asibiti suka nemi suna don katin rigakafi, kuma kun riga kun yanke shawara, ku ba su na gaskiya, kada ku ba su na wucin gadi. Sunan wucin gadi yakan maƙale.

Ƙirga kwana bakwai shi ne inda ake yawan samun gardama tsakanin dangin miji da na mata. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a mafi yawan ƙasar Hausa, in an haihu bayan fitowar alfijir ba a ƙirga wannan yinin. Matar da ta haihu ranar Talata da hantsi, Laraba ce kwana na ɗaya, sai suna ya faɗo Talata mai zuwa. Amma wadda ta haihu da ƙarfe biyu na dare, kafin asubahin Talata, Talatar ce kwana na ɗaya, sunanta kuwa Litinin. Don haka tambayar farko da za a yi wa ungozoma ko ma'aikaciyar jinya ita ce, kafin kiran assalatu ne ko bayansa? A rubuta lokacin a takarda nan take, domin bayan kwana biyu kowa da abin da zai tuna.

Sunan yanka

Haƙƙin sa suna na uba ne, haka malamai suka faɗa. Amma uban da ya san ya kamata ba ya yanke hukunci shi kaɗai alhali ga wadda ta ɗauki cikin wata tara tana kwance a ɗaki. Ku zauna tun cikin yana wata bakwai ko takwas, ku fitar da sunaye biyu na maza, biyu na mata, ko da na'urar asibiti ta nuna muku abin da za a haifa. In a gidanku al'ada ce a kai wa kaka zaɓin sunan ɗan fari, a kai masa da wuri, kada a bari sai daren suna a aika masa yaro da tambaya.

Ma'aunin farko shi ne ma'ana. Ya tabbata a hadisi cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, sai kuma sunayen annabawa da sahabbai da salihan bayi. Annabi ya canja wa mutane sunaye saboda ma'anarsu: wata mai suna Asiya, da ma'anar mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Wannan daban take da Asiya matar Fir'auna, wadda sunanta da alif yake farawa, na farkon kuwa da aini. Ya so ya mayar da wani mai suna Haznu, wato tsauri, ya koma Sahlu, mutumin ya ƙi, jikansa Sa'idu ɗan Musayyibu ya ce tsaurin bai gushe a cikinsu ba. Ba a haɗa Abdu da abin da ba sunan Allah ba, kamar Abdunnabi. Ba a kuma ba wa yaro sunan da ya keɓanta da Allah tsurarsa, kamar Arrahman ko Alkhaliƙu. Shi kuma Abdul kaɗai rabin suna ne, bawan wa? A cika shi a wurin raɗin suna, a kuma cika shi a takarda.

Yanzu ga inda aka fi tuntuɓe a wannan zamani. Amarya ta buɗe waya ta rubuta tana neman sunayen Musulunci masu daɗi, sai intanet ta zubo mata ɗaruruwa, an rubuta su da boko, kowanne an liƙa masa ma'ana mai kyau. Wasu daga ciki sunaye ne na gaske. Rayyan sunan ƙofar Aljanna ce ta masu azumi. Afnan rassan itatuwa ne, kalmar tana cikin Suratur Rahman. Hanan tausayi ne, tana cikin Suratu Maryam. Amma rubutun boko yana ɓoye bambancin haruffan Larabci. Amal da alif fata ne da buri, da aini kuwa aiki ne. Aryan ba daga Larabci ya fito ba, kuma yadda muke furta shi ya yi kusa ƙwarai da kalmar Larabci mai nufin wanda yake tsirara. Minal da ake sa wa 'yan mata, sunan da Larabawa suka sani shi ne Manal, minal kuwa a Alƙur'ani ba ta wuce "daga" ba. Kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani bai mayar da ita suna ba, domin sunayen wuta ma suna ciki, haka sunan Fir'auna da Hamana.

Hanyar kauce wa wannan ba ta da wuya. A rubuta sunan da haruffan Larabci a takarda, a kai wa malamin da ya san lugga, ba wanda ya iya karatu kawai ba, a tambaye shi abu uku: mene ne asalin kalmar, na namiji ne ko na mace, kuma akwai wani na ƙwarai da aka sani da shi a tarihi? In ba a iya samo yadda ake rubuta shi da Larabci ba, to akwai alamar tambaya a kansa.

Sannan a gwada sunan a bakin tsofaffin gida. Harshen Bahaushe yana da yadda yake sarrafa Larabci tun fil azal: Murtada ya koma Murtala, Radiya ta koma Raliya, Fadlu ya koma Falalu, Usman da Sani da Salisu duk sun sami "s" a inda Balarabe yake sa harshe tsakanin haƙora. Wannan ba kuskure ba ne, haka harshen yake. Amma ku sani duk sunan da kuka zaɓa sai ya bi ta wannan injin. A ba kaka ta faɗe shi sau uku, a ba yaro ɗan shekara huɗu ya kira shi daga bakin zaure. In abin da ya fito ya zama abin tsokana a makarantar allo, a sake shawara tun yanzu.

Akwai kuma sunan yayi na mutanen da suka yi tashe. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976 an sami Murtala da yawa, lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1991 aka yi ta sa Saddam, bayan 2001 kuma Usama. Wanda ya rasu an ga ƙarshensa, an san abin da aka ɗauka. Mai rai kuwa, musamman ɗan siyasa, ba a san abin da gobe za ta haifar ba, yaron kuma shi zai yi ta yawo da sunan har tsufansa.

Takwara da alkunya

A ƙasar Hausa da wuya a sa suna haka kawai ba a yi wa wani takwara ba. A gidaje da yawa ɗan fari namiji na mahaifin miji ne, mace ta mahaifiyarsa, na gaba kuma a waiwayi iyayen matar. Ba doka ba ce, amma wanda ya yi ta jera takwarorin danginsa har haihuwa huɗu bai taɓa tuna surukansa ba, ya shuka ƙorafin da zai daɗe ana yi a ɗaki. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya abin ya fi buƙatar lura: in an yi wa uwar uwargida takwara, amarya tana ƙirge.

A sanar da wanda za a yi wa takwara kafin ranar, ta bakin uban da kansa, ba ya ji a bakin maroƙi ba. Al'ada ce takwara ya yi wa mai sunansa hidima gwargwadon hali, turmin atamfa ko kayan jariri, wani ma har rago. Saboda haka kada a zaɓi mutum don aljihunsa, mutane suna ganewa, kuma kada a ɗora wa talaka nauyin da zai ji kunya.

Da an sa sunan kaka, sai maganar alkunya ta taso, domin uwa ba za ta tsaya a tsakar gida tana ƙwala kiran sunan surukinta ba, uba ma ba zai kira sunan mahaifinsa gatsau ba. Daga nan aka sami Abba da Baba da Baffa da Abbati da Babangida ga maza, Ummi da Mama da Inna da Uwani da Hajiya ga mata. Na zamani sun ƙaro Walid da Walida da Khalifa da Amir. Abin da ya kamata a gane shi ne, alkunyar nan ita za a fi kira, sau ɗari a yini, sunan yankan kuwa sai ranar ɗaurin aure. Don haka a zaɓe ta da gangan, a faɗe ta ranar suna da bakin uwa ko gwaggo, kafin wani ya riga ku. Kuma a duba gidan gaba ɗaya: in 'yan'uwa maza huɗu kowa ya yi wa mahaifinsu takwara, kowa kuma ya ce Abba, to ranar salla a babban gida za a kira ɗaya huɗu su amsa. Na farko ya ɗauki Abba, na biyu Baffa, haka har a zagaye.

Hanya mafi kyau, a ganinmu, ita ce a koma ga laƙubban da kowane suna ya zo da su tun da can, domin suna ɓoye sunan kuma ba sa raba yaron da shi. Abubakar shi ne Garba, ko Sadiƙu, ko Habu, ko Buba. Umaru shi ne Sanda ko Faruƙu. Usman shi ne Shehu, saboda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya sa shugaban ƙasa na jamhuriya ta biyu, wanda sunansa Usman, duniya ta san shi da Shehu Shagari. Yusufu shi ne Maitama, kamar Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule. Aliyu shi ne Haidar ko Gadanga, Ibrahim Halilu ko Iro, Musa Kallamu, Adamu Ado. A ɓangaren mata, A'isha ita ce Indo ko Humaira, Fatima Binta ko Zahra'u, Hadiza Dije ko Kubura, Hauwa'u Kulu ko Jidda, Maryamu Mairo, Zainabu Abu, Halima kuma Sadiya. Duk Bahaushen da ya ji Garba ya san Abubakar ne, ba sai an yi masa bayani ba.

Mai son ya sa wa 'ya'yansa maza duka Muhammadu, akwai tsarin da magabata suka bari na lissafi da Larabci: Auwalu ko Lawal na farko, sai Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, har Ashiru na goma. In za a bi shi a bi shi a jere, kada a kira ɗan fari Hamisu. Kuma a takarda a rubuta duka biyun, Muhammad Sani, domin in an rubuta Muhammad kaɗai ga yara uku masu uba ɗaya, kwamfutar makaranta za ta ɗauke su mutum guda.

Sunayen da ake gudu yanzu

Akwai sunayen da suke ba da labarin haihuwar mutum tun kafin ya buɗe baki. Na rana su ne aka fi sani: Ɗanladi da Ladi na Lahadi, Ɗanliti da Altine na Litinin, Ɗantala da Talatu, Bala ko Balarabe da Larai ko Balaraba na Laraba, Ɗanlami da Lami na Alhamis, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Gwamnan tsohuwar jihar Kaduna na 1979, Abdulƙadir ne sunansa na yanka, amma da Balarabe Musa aka san shi. Sai na matsayi a ɗaki: Tanko namijin da ya biyo mata, Kande macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Auta na ƙarshe. Sai na yanayi: Anaruwa wanda aka haifa ana ruwan sama, Nomau na lokacin noma, Azumi da Ɗan'azumi, Sallau da Tasalla na ranar salla, Cindo mai yatsa shida, Shekarau wanda aka ce ya daɗe a ciki, Audi wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa.

Iyayen yanzu suna kallon waɗannan a matsayin sunayen ƙauye, ko na 'yan aiki. Wannan asara ce. Sunayen nan ba su taɓa hana kowa sunan yanka na Musulunci ba, a gefensa suke zama, kuma babu abin da ya saɓa wa addini a ce yarinya Jummai ce don an haife ta ranar Juma'a. Maimakon a kira yarinya da wata kalmar da aka tsinto a fim, wadda ba mai iya faɗin ma'anarta, ga Tasalla nan, wadda za ta riƙa tuna mata ranar da ta zo duniya. Hausawa Kirista ma sun riƙe wani ɓangare na wannan gado da kyau: ban da su Bulus da Bitrus da Rifkatu, suna sa Alheri da Godiya da Murna da Haƙuri, Hausa tsantsa.

Waɗanda ba za mu ba da shawarar a farfaɗo da su ba su ne sunayen wabi, irin su Ajuji da Ayashe, da ake sa wa ɗan matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana, wai a nuna ba a damu da shi ba don mutuwa ta ƙyale shi. Suna ba ya tsare rai. Matar da take binne 'ya'ya a jere, ita da mijinta asibiti ya kamata su je a gwada jininsu, domin wani lokaci sikila ce ko rashin jituwar jinin uwa da na jariri, kuma akwai abin da likita zai iya yi.

Tagwaye kuwa, Hassan da Husaini ko Hassana da Husaina al'ada ce mai kyau, amma ba tilas ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, tagwaye ce, ɗan'uwan haihuwarta Hassan, ita kuwa mahaifinta ya sa mata Asma'u.

Ranar suna

A sayi rago tun kwana uku ko huɗu da haihuwa, kada a bari sai jajibiri, lokacin da dillali ya ga gaggawa a fuskarka. Sharuɗɗansa irin na layya ne: ya cika shekara, ba mai ido ɗaya ba, ba gurgu ba, ba mara lafiya ba, ba ramamme ƙashi da fata ba. Tunkiya ko akuya ko bunsuru duk sun isar. A Malikiyya dabba ɗaya ce ga namiji ko mace, wasu malaman kuma suna bin hadisin da ya ce biyu ga namiji, ɗaya ga mace. Tagwaye kowa da nasa. Wanda ba shi da hali babu laifi a kansa, a raɗa suna a yi addu'a, sunan ya tabbata. Cin bashi da ruwa don a yi ragon nuna wa tsara ba ya cikin abin da aka nema.

Goro ana sayensa da ƙwarya, ƙwarya ɗaya goro ɗari ce. In kana sa ran mutum hamsin, ƙwarya ɗaya ta ba kowa biyu, sai a ƙara dabino da alawa saboda matasa da yara waɗanda ba sa cin goro. A ware na liman da na cikin gida daban tun da dare, a yayyafa wa goron ruwa a rufe shi da ganye ko jiƙaƙƙen algarara don kada ya bushe. A sanar da mutane lokaci da wuri takamaimai, ƙofar gida ne ko masallaci.

Bayan sallar asuba, in gari ya fara haske, jama'a za su zauna. Uba ko wakilinsa, galibi baffan jariri, zai matsa kusa da liman ya faɗa masa sunan. A nan ma a miƙa masa a rubuce. An sha samun liman ya ji Sa'adatu a maimakon Sa'adiya, ya faɗa, maroƙi ya ɗaga murya ya kai shi har cikin gida, gyara kuma ya zama abin jin nauyi. Liman zai sa a yi salati, ya faɗi sunan, a yi addu'ar Allah ya raya, ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne, ya ba uwa lafiyar shayarwa, a shafa fatiha, a raba goro. Yankan kuwa da hantsi ake so, bayan rana ta fito. Ana ci daga naman, ana sadaka, ana kai wa maƙwabta da dangi, ungozoma da wanzami kuma suna da kasonsu gwargwadon al'adar gari. Ba a sayar da naman ko fatar, kuma ba a biyan mahauci ladansa da su, a ba shi kuɗinsa daban.

Sai wanzami. Aski sunna ne, ana kuma yin sadaka da kimar nauyin gashin na azurfa ko zinariya. Gashin jariri bai kai nauyin komai ba, don haka a kimanta kuɗin giram ɗaya na azurfa ko abin da ya fi, a bayar. A sayo sabuwar reza a buɗe ta a gaban idonku, ko a tabbatar an dafa askar, domin ciwon hanta da sauran cututtukan jini ta nan suke bi. Cire belu da tsaga a fuska kuwa ba sa cikin addini, likitoci kuma suna gargaɗi a kan zubar jini da ciwon sandarewar jiki da ke biyo bayansu. A gaya wa wanzami tun farko cewa aski kaɗai ake so, a kuma sallame shi da kyau. Da yamma in mata sun cika gida yinin suna, a sa wata babba ta zauna kusa da mai jego tana lura: mai mura kada ta ɗauki jariri, kuma in an ga idonsa ko tafin hannunsa ya yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, a tafi asibiti ko da taro bai watse ba.

Sunan takarda

A Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, doka kuma ta ce a yi rajista cikin kwana 60. Ana samun ma'aikatanta a manyan asibitoci da sakatariyar ƙaramar hukuma. Katin da asibiti ke bayarwa ranar sallama ba shi ne takardar haihuwa ba, mutane da yawa sai an zo neman fasfo suke gane haka.

Kafin ku je, ku zauna ku rubuta cikakken sunan da manyan baƙaƙe a takarda ɗaya, ku yanke hukunci a kan abu uku. Na farko, rubutu. Muhammad ne ko Mohammed ko Muhammadu? Aisha ce ko A'isha ko Aishatu? A wurinmu duk ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutane daban-daban ne. Yawancin fom ɗin hukuma ba sa karɓar ƙ da ɗ da ɓ, wasu ma ba sa karɓar alamar ɗauri, saboda haka Ɗanladi zai koma Danladi, Rabi'u ya koma Rabiu. Ku zaɓi siga ɗaya da za ta shiga ko'ina. Kada a taƙaita, Moh'd da Abdul da A. ba sunaye ba ne.

Na biyu, jeri. Bahaushe ba shi da sunan dangi guda da ake gada kaka da kakanni, sunan uba ake jinginawa, shi ya sa 'yan makarantar boko na farko da yawa suka ɗauki sunan gari, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano. Fom kuwa gida uku yake da shi: sunan dangi, sunan farko, sunan tsakiya. Ku tsayar da wanda zai zauna a gidan sunan dangi, na uba ne ko na kaka ko na gari, ku yi amfani da shi ga duk 'ya'yan gidan. In an rubuta wa babban wa Sani Musa Ibrahim, ƙanensa kuma Ibrahim Kabiru Musa, ranar neman biza ko rabon gado sai an yi ta rantsuwa kafin a yarda uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Na uku, ko laƙabi zai shiga takarda ko ba zai shiga ba. In zai shiga, ya zauna a gidan tsakiya tun daga takardar haihuwa. In ba zai shiga ba, a gaya wa duk wanda zai kai yaro makaranta cewa Ummi sunan gida ne, Fatima za a rubuta. Nan ne ɓarnar take farawa: yaya ta kai ƙanwarta aji ɗaya, malam ya tambayi suna, ta ce Ummi, shi ke nan ya shiga rajista, ya bi ta har takardar kammala firamare. Tun daga 2021 hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, kuma sunan da ke kan NIN shi take ɗauka. In ya saɓa da na takardar jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, sai an je kotu an yi takardar rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a jarida, a biya kuɗin gyara, a yi ta jira, wani har shekarar karatu ta wuce shi.

Yaron riƙo a rubuta masa sunan mahaifinsa na jini, ba na mai riƙonsa ba, haka Suratul Ahzab ta yi umarni a aya ta 5, kuma yana kare rikicin gado da na aure. 'Ya mace ma sunan mahaifinta ne nata har bayan aure, ba sai an canja takardunta zuwa sunan miji ba.

Iyalan da ke da ƙafa ɗaya a Katsina ɗaya a Maraɗi, ko Daura da Damagaram, su ƙara lura. A Nijar da rubutun Faransanci ake rubuta suna: Usman ya zama Ousmane, A'ishatu ta zama Aïchatou, Muhammadu Yusufu kuma shi ne Mahamadou Issoufou. In yaro zai riƙe takardun ƙasashen biyu, a ɗauki rubutun takardar da aka fara yi masa a bi shi harafi da harafi a ta biyun. Takardar asali a sa ta a leda a ajiye a akwati, a ɗauki hotonta a waya, a kuma yi kwafi biyu ko uku, waɗannan su za a riƙa miƙa wa makaranta da asibiti duk lokacin da aka tambayi sunan yaron.